Idan Ka Murɗa Makulli Mota Ba Ta Kawo Wuta Ba

Ya kai mai karatu, ko kana da mota ko ba ka da ita, wannan bayani ya shafe ka. A ƙasar Tarka da sauran Damargu, mota guda ce kan kwashi mutanen gari da buhunan hatsi da awaki zuwa kasuwa. Ita ce kuma ake nema da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace gardama, domin a kai ta gidan likita a Belbeji ko Tanut. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne a kan babbar hanyar da ta miƙe zuwa Agadas. Wanda kuwa ya saki wannan hanya ya nufi yamma, cikin kwarin Tarka, yana iya yin tafiya mai nisa cikin rairayi bai ga garejin makanike ba. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta tun shekarar 2011, amma ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da ita suna nan a warwatse. Saboda haka idan mota ta mutu a daji, waɗanda ke cikinta su ne makanikanta na farko.

Matsalar da za mu tattauna a nan guda ɗaya ce. Direba ya sa makulli, wato kontak, ya murɗa, amma shiru. Fitilun allon gabansa ba su kama ba, oda ba ta yi kuka ba, inji bai ko motsa ba. Wannan ya bambanta da motar da injinta ke juyawa amma ya ƙi tashi. Waccan sau da yawa maganar mai ce ko iska, kuma ba ita ce a gabanmu ba.

Mutane da yawa da zarar sun ga haka sai su ce batir ya mutu, su fara lissafin kuɗin sabo. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa batir lafiyarsa lau, hanyar da wuta ke bi ce ta yanke a wani wuri. Hanyar nan kuwa gajera ce, kuma wuraren da takan yanke ba su wuce biyar ba. Wanda ya san su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, zai gano inda ɓarnar take ko da bai taɓa koyon aikin gareji ba.

Yadda wuta ke tafiya a cikin mota

Ka tuna da rijiyar burtsatse mai babban tanki a bisa. Ruwa yana taruwa a tanki, ya bi babban bututu, ya iso famfo, sai wanda ya murɗa famfon ya samu. Idan ka murɗa famfo ba ka ga ruwa ba, ba lallai ne tankin ya ƙafe ba. Mai yiwuwa bututu ne ya toshe, ko ya cire daga mahaɗinsa, ko famfon kansa ne ya lalace.

A mota, batir shi ne tanki. Yana da kai biyu na darma. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), ɗayan kuma alamar ɗebewa (−), waɗannan alamomi dai da ka koya a darasin lissafi. Kan tarawa ya fi kauri kaɗan, kuma yawanci jar waya ce ko jan murfi a kansa. Daga nan wuta take fita, ta bi ta cikin babban fis, wanda makanikanmu na nan ke kira fizibil, ta iso wurin makulli. Idan aka murɗa makulli sai ta wuce ta cikin ƙananan fis zuwa fitilu da sauran kayan mota.

A nan ne misalin ruwa ya gaza, kuma ya kamata ka lura sosai. Ruwa idan ya fito daga famfo ya tafi ke nan. Wuta kuwa ba ta aiki sai ta koma inda ta fito. Hanyar komawarta ita ce ƙarfen jikin motar da na inji. Akwai wata baƙar waya mai kauri da ta haɗa kan ɗebewa da jikin mota. Makanikai suna kiran ta mas. Idan wannan waya ta saki, wuta ba ta da hanyar komawa, sai mota ta yi tsit kamar babu batir a cikinta.

To, wuraren biyar ke nan: batir kansa, matsan da suka riƙe kawunansa biyu, wayar mas, babban fis, da makunnin da ke bayan makulli.

Kafin ka taɓa komai

Batir ba abin wasa ba ne. Ruwan da ke cikinsa asid ne, yana cin tufa, yana ƙona fata, yana makantarwa. Yana kuma fitar da wata iska marar launi wadda tartsatsi ɗaya ke iya tayar da ita, batir ya fashe a fuskar mutum. Don haka kada a sha taba kusa da shi, kada a haska shi da ashana ko fitilar kananzir. Ka cire zobe da agogon ƙarfe. Kada ka ɗora sifana a bisansa, domin idan ta taɓa kawunan biyu a lokaci guda za ta yi ja kamar garwashi.

Akwai wata al'ada da nake gani a tashoshi, wadda ban yarda da ita ba ko kaɗan: a ɗauki guntuwar waya a haɗa kawunan batir biyu don a ga ko zai yi tartsatsi. Wannan gwaji yana lalata batir, kuma a daidai bakin iskar nan mai kamawa ake yin sa.

Idan za ka cire wayoyin batir, ka fara da ta ɗebewa. Idan za ka mayar, ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne, muddin wayar ɗebewa tana haɗe da jikin mota, to sifanar da ke kan tarawa da ta goga ƙarfen mota za ta tayar da wuta. In kuwa ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon har minti 15 ko fiye, sannan a nufi gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Abin da fitilu ke gaya maka

Tun kana zaune a kujerar direba za ka iya raba matsalar gida biyu. A yawancin motoci, fitilar rufin ciki da fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa huɗu ba sa jiran makulli. Wutarsu ba ta bi ta cikinsa. A tsofaffin motoci da yawa haka manyan fitilun gaba da oda suke. Ka kunna su ka gani.

Idan sun kama da ƙarfi, amma allon gaban direba ya ƙi kamawa bayan an murɗa makulli, to batir da mas suna aiki. Ka nemi ɓarnar a makunnin makulli ko fis ɗin da ke ba shi wuta. Idan kuwa komai ya mutu, to ka buɗe murfin inji, matsalar tana kusa da batir.

Akwai hali na uku da ke ruɗa mutane. Allon gaba ya kama, amma da ka murɗa makulli zuwa ƙarshe sai ka ji "ƙas" sau ɗaya, komai ya ɗauke. Wannan alama ce ta matsi da ya yi sako-sako ko batir da ya yi rauni. Ƙaramar fitila wuta kaɗan take sha, don haka ko ta ƙaramar kafa wutar za ta wuce. Na'urar da ke tayar da inji kuwa, wadda ake kira demarer a nan, a Nijeriya kuma kik, tana jan wutar da ta ninka ta fitila sau da yawa, kuma mahaɗi mai datti ba ya iya ɗaukar wannan nauyi.

Kawunan batir da wayar mas

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin a nan matsalar ta fi yawa a ƙasarmu, kuma gyaranta ba ya cin ko dala. Hanyoyinmu na burji masu gargada suna girgiza mota tun safe har dare, sai notuna su warware a hankali. Zafi kuma yana sa tururin asid ya fito ya zauna a kan darma, ya zama wani farin gari ko kore-kore mai kama da gishiri. Wannan gari ba ya barin wuta ta wuce.

Ka kama kowane matsi da hannu ka gwada murɗa shi. Matsi mai kyau ba ya motsi ko kaɗan. Idan ya juya, ko ka ga garin nan a kansa, ka cire shi. A motocin Toyota da yawa sifana mai lamba 10 ce ke kwance shi. Ka jiƙa kanwa kaɗan a ruwan ɗumi ka wanke matsin da kan batir. Za ka ga yana kumfa, wato kanwar tana kashe asid. Sai dai ka kiyaye kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir ta ramukan murfinsa, domin abin da ya yi wa asid na waje shi zai yi wa na ciki. Bayan haka ka goge da tsumma, ka kankare kan batir da cikin matsin da wuƙa ko takardar yashi har darmar ta yi ƙyalli, ka mayar ka ɗaure tamau. In kana da giris ka shafa kaɗan a bisa bayan ka ɗaure.

Wasu sukan ɗauki dutse su buga matsi, ko su cusa ƙusa tsakaninsa da kan batir. Ƙusa tana iya fitar da kai daga daji yau, amma ba gyara ba ce. Da ka isa gari ka sayi sabon matsi. Bugu da dutse kuwa yana tsaga gindin kan batir, daga nan sai asid ya riƙa tsattsafowa kullum.

Daga nan ka bi baƙar wayar nan da hannunka har inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji. Mutane suna manta wannan wuri saboda a ɓoye yake. Shekarun baya muna zagayen duba cibiyoyin yaƙi da jahilci a yammacin Tanut, muka tsaya sallar Azahar a wani ƙauye. Da muka dawo direbanmu ya murɗa makulli, shiru. Nan take ya yanke hukunci cewa batir ya gama aiki, har an fara shawarar wanda zai hau babur ya je gari ya sayo wani. Sai ga wani dattijo wanda ya yi aikin yaron mota a hanyar Agadas a ƙuruciyarsa. Bai ce komai ba, ya zura hannu ya bi baƙar wayar, sai ga ta ta biyo hannunsa. Notin da ke riƙe ta ne ya warware, tsatsa kuma ta ci wurin. Aka kankare ƙarfen aka ɗaure, mota ta tashi. Batir ɗin nan da aka yanke masa hukunci ya ƙara fiye da shekara yana aiki.

Gwaji da ƙwan fitila

Ba kowa ke da mitar awon wuta ba, amma kowa na iya haɗa abin gwaji da kansa. Ka sami ƙwan fitilar mota, irin na birki ko na sigina, ka haɗa masa wayoyi biyu, ɗaya a ɗigon gindinsa, ɗaya a ƙarfen gefensa, ka naɗe da salatif. Shi ke nan. Lokacin gwaji ka bar makunnin manyan fitilu a kunne, domin mahaɗi mai rauni ya fi nuna kansa idan ana jan wuta.

Da farko ka taɓa wayoyin a kan darmar batir kanta, ba a matsi ba. Idan ƙwan bai kama ba, ko ya yi ja-ja kamar garwashin da ke mutuwa, batir ba shi da caji. Idan ya kama da haske, ka matsar da wayoyin zuwa kan matsan biyu. In hasken ya ragu ko ya ɗauke, matsi ne. In bai ragu ba, ka bar waya ɗaya a kan tarawa, ka taɓa ɗayar a ƙarfen inji inda babu fenti. Rashin haske a nan yana nufin wayar mas ce. A ƙarshe ka riƙe waya ɗaya a kan ɗebewa, ka taɓa ɗayar a ɓangarori biyu na babban fis. Idan akwai haske a ɓangare ɗaya babu a ɗayan, fis ya ƙone. Ka ga dai dabarar guda ce: kana bin wuta taki-taki, inda ta ɓace maka nan ne ɓarnar take.

Mai mita kuwa ga lambobin da zai riƙe. Ana auna ƙarfin batir da bolt, harafin V ne alamarsa. Batir ɗin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6 a cikinsa, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6. Idan ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Idan inji yana aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7, in ba ta kai haka ba, dinamo ba ya mayar wa batir abin da ya kashe.

Fis da makunnin makulli

Fis wata ƴar siririyar waya ce da aka yi ta musamman don ta ƙone kafin wayoyin mota su ƙone. Kowanne yana da lamba a bayansa, wadda ke nuna yawan wutar da zai iya ɗauka. A irin fis mai ƙafa biyu da ke yawancin motoci, ja mai lamba 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Babban fis yana cikin akwati kusa da batir, kuma lambarsa tana iya kaiwa 80 ko 100 ko fiye. A motocin Toyota da yawa an ɗaure shi da noti ta ƙasa, don haka kada ka fizge shi da ƙarfi, za ka karya akwatin. A wasu tsofaffin motoci kuma guntuwar waya ce ta musamman kusa da kan tarawa. Idan ta ƙone za ka ji ta yi laushi, tana miƙewa kamar roba.

Ka maye gurbin fis da mai lamba irin tasa, ba wadda ta fi ta ba. Kada ka naɗa masa wayar tagulla ko takardar kwalin taba. Wanda ya yi haka ya cire mai gadi ne daga bakin ƙofa, kuma motoci da yawa ta wannan hanya suka kama wuta. Ka kuma tambayi kanka abin da ya ƙona shi. Babban fis ba ya ƙonewa haka kawai. Ko dai an haɗa batir a juye, tarawa a wurin ɗebewa, ko wata waya ta goge a jikin ƙarfe har ta yi tsirara, ko ɓera ya gwaguye ta, abin da yakan faru ga motar da ke ɗaukar hatsi ko kwana kusa da rumbu. Idan ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, ka dakata. Kada ka sa na uku sai an gano wayar.

Makunnin makulli shi ne na ƙarshe. Alamarsa ita ce fitilun allo su riƙa kamawa suna ɗaukewa idan ka jijjiga makulli a cikin raminsa. Ƙura da tsufa ne ke cin sa. Wannan aikin makanike ne, haka nan duk abin da ya shafi sababbin motoci masu kwamfuta da makulli mai tsaro. A irinsu yanke waya da haɗe-haɗe yana jawo asarar da ta fi ta farko.

Idan batir ne da gaske

Sai ka fara sanin abin da ya zuƙe shi. An bar fitila ko rediyo a kunne? An yi ta cajin wayoyin salula na mutanen gari da shi alhali inji a kashe? Bel ɗin da ke juya dinamo ya saki? Ko kuwa tsufa ne? Zafin bazara a Damargu, inda a watannin Afrilu da Mayu awon zafi kan haura 40, yana ƙafar da ruwan batir yana cin farantan cikinsa. Amma sau da yawa ba a bazara yake nuna ciwon ba, sai da asubahin hunturu, lokacin da sanyi ya rage masa ƙarfi kuma inji ya yi nauyin juyawa, musamman mai gazuwal. Idan batir ɗinka mai murafun buɗewa ne, ka riƙa leƙawa duk wata. In ruwa ya sauka ƙasa da farantai, ka ƙara ruwan batir tatacce da ake sayarwa. Ruwan rijiya yana da gishiri da kanwa, yana kashe batir. Asid kuma ba a ƙara shi, domin ruwa ne kawai ke ƙafewa.

Don aron wuta daga wata mota, ka tabbata ƙarfin motocin ɗaya ne. Manyan motocin kaya da wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal suna aiki da batir biyu, bolt 24, kuma wannan zai ƙona kayan motar bolt 12. Kada jikin motocin biyu ya taɓa juna. Ka haɗa jar waya daga tarawar mataccen batir zuwa tarawar mai rai. Sannan baƙar waya daga ɗebewar mai rai zuwa ƙarfen injin matacciyar motar, nesa da batir, domin tartsatsin ƙarshe ya tashi nesa da iskar nan. A tayar da mai rai ta yi aiki minti biyar, sannan a gwada ɗayar. Wajen cirewa a fara da wadda aka haɗa a ƙarshe. Batir da ya kumbura ko ya tsage ko yake yoyo, ba a ara masa wuta.

Turi yana yi ga mota mai giyar hannu: a murɗa makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, idan ta ɗauki gudu a sake shi. Amma sai da sauran wuta a batir, domin famfon mai da dinamo suna buƙatar ƴar wuta kafin su fara aiki. A cikin rairayi kuwa turi wahala ce kawai. In akwai farantin hasken rana a ƙauyen, ana iya cajin batir da shi, amma ta cikin na'urar da ke daidaita caji. Kuma bayan mota ta tashi kada ka yarda a cire kan batir wai don a gwada dinamo. Wannan tsohuwar dabara tana ƙona dinamo da kwamfutar mota.

Tsohon batir kada a yar da shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada kuma a fasa shi a narka darmarsa inda yara ke wasa. Darma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta fita daga ƙasa da sauƙi. Ka kai shi wurin mai sayar da batir a Tanut ko Damagaram. Masu sayarwa da yawa sukan karɓi tsoho su rage maka kuɗin sabo.